Lilon Ranar Talata

"Ba zan buɗe ba, Hanatu."

Hanatu ta dubi Tajuddeen, ta dubi makullin da ke rataye a ƙugunsa, sannan ta ɗaga kai ta dubi babban lilon da ke tsaye ƙiƙam a samansu, an naɗe ƙofarsa da sarƙa da ƙaton kwaɗo. Ta ɗauka kunnenta ne bai ji daidai ba.

"Ni ce fa..."

"Na sani, sanyin idona. Ki yi haƙuri."

Ita dai kanta ya gama ɗaurewa. Shi ne ya yi wata guda yana roƙon a bar ta ta zo Gusau ta ga wurin shaƙatawar da yake gyaran injuna. Shi ne ya san labarin lilon nan, yadda tun tana ƙarama Baba ya taɓa kawo ta ranar Sallah, suka sha layi har la'asar, suka koma Bungudu ba ta hau ba. Shi ne kuma ya ce mata, "Talata za ki zo, ke kaɗai za ki hau." To ga Talata, ga ta, ga makulli a ƙugunsa.

Kuma ba zuwan banza ba ne. Ranar Juma'a Baba zai ba da amsa ko Tajuddeen ya turo magabatansa daga 'Yandoto ta ƙasar Tsafe ko ya haƙura. Shi ya sa aka haɗo ta da Gwaggo Suwaiba, ƙanwar Baba, don ta gano wa gida halin yaron. Gwaggo kuwa, Allah ya ba ta ido, tun daga bakin ƙofa ta fara aikinta. Ta sa Hanatu ta karanta mata allon da ke jikin ɗakin tikiti.

"Talata da Laraba, rabin kuɗi."

"Awo," in ji Gwaggo, ta gyara mayafi. "Rabin kuɗi."

Suna shiga suka tarar da wurin shiru kamar kasuwa ranar da ba ta ci. Motocin karo an lulluɓe su da tamfol. Jirgin yara yana kwance kan dogonsa, akuya tana cin ciyawa a gindinsa. Mai sayar da gurguru ma bai fito ba. Dokunan katako kaɗai ake juyawa, su ma da hannu, don ba a tayar da janareto a irin wannan rana sai mutane sun taru.

Yanzu ga lilo, shi ma a kulle.

"Wai mi muka zo gani?" Gwaggo ta tambaya. "Akuya? Muna da su gida."

Tajuddeen ya sunkuyar da kai. Shi dama maganarsa ba ta da yawa, balle a gaban suruka. Ya buɗe baki ke nan sai ga ƙamshin turare ya riga mai shi isowa.

Bashar ne, ɗan Alhajin da ke da wurin. Ya taɓa neman Hanatu bara, ta ce masa a'a cikin mutunci, shi kuma har yau bai yafe ba. Ya durƙusa wa Gwaggo har ƙasa, shaddarsa tana ƙara.

"Gwaggo, ai da an gaya mini da Asabar zan kawo ku. Komai na aiki, ga kiɗa, ga nama. Wa ke kawo manya ranar rabin kuɗi?" Ya juya. "Kai, Taju, buɗe wa Hanatu lilo."

"Ba zai buɗu ba yau."

"Ni na ce ka buɗe."

"Sai Alhaji ya dawo ya gani da idonsa."

"Ya ga me?" Hanatu ta tambaya. "Tajuddeen, ya ga me?"

Ya dube ta, ya dubi mutane uku-huɗun da suka fara matsowa da 'ya'yansu, ya kau da kai.

Wallahi da ya zage ta da ya fi mata sauƙi.

Bashar ya yi dariya. "Kuɗin mai yake ji, Gwaggo. In an tayar da janareto yau, aljihunsa zai taɓu. Shi ke nan maganar." Sai ya ɗaure fuska. "Daga yau ba ka da aiki a nan. Ajiye makulli."

Tajuddeen bai ajiye ba. Ya dai rako su bakin titi, ya tsayar musu da mota, ya biya. Hanatu ba ta ko kalle shi ba.

A gida Gwaggo ba ta jira ta cire mayafi ba.

"Arzika, wanga yaro marowaci ne. Ya zaɓi ranar araha, ya kai mu kallon tamfol. Ɗiyarka ta roƙe shi abu guda, ga makulli a jikinsa, ya hana ta. Ubangidansa ya yi magana, ya ƙi ji. Ga rowa, ga taurin kai, yanzu kuma ga rashin aiki. Ni kuɗin motata kawai nike jin ciwo."

"Ai shi ya biya na dawowa, Gwaggo," Hanatu ta ce a hankali, ita ma ba ta san dalilin da ya sa ta kare shi ba.

"Na zuwa fa?"

Inna, mahaifiyar Hanatu, ta ce ita dama Bashar ya fi kwanta mata. Baba kuwa, Malam Arzika, yana gefe. Yana zaune kan tabarma, gari ya yi masa fari a gemu, don daga wurin injinsa na niƙa ya dawo. Ya saurara har Gwaggo ta gaji.

Hanatu ta shige ɗaki ta faɗa kan gado. Tana son shi, wannan ba ta da shakka. Amma wane ne shi? Mutumin da ke hawo babur daga Tsafe don kawai ya kawo mata rake, shi ne zai ji ƙyashin man janareto? In kuwa ba rowa ba ce, me ya hana shi magana? Ta ɗauki waya ta ajiye. Ta sake ɗauka. Saƙonsa ɗaya ne tak.

"Ki yarda da ni, Hanatuna."

Ta rubuta, "Da me zan yarda?" Ta goge. Ta rubuta, "Ka cuce ni." Ta goge. Sai kawai hawaye.

Bayan sallar magariba Baba ya kira ta.

"Ya ce sai Alhaji ya gani da idonsa?"

"Haka ya ce, Baba."

"Kuma bai ba da makullin ba?"

"Bai bayar ba."

Baba ya jinjina kai. "Gobe ma rabin kuɗi ne, ko?"

Nan ma kanta ya sake ɗaurewa.

Da hantsin Laraba su uku suka sauka a bakin wurin, don Gwaggo ta rantse ba za a yanke hukunci a bayan idonta ba. Baba ya sayi tikiti uku, ya karɓi canjinsa, suka shiga. Tamfol na nan, akuya na nan.

Tajuddeen ma yana nan.

Yana zaune a gindin lilon kan bulo, da kayan jiya a jikinsa, makulli a hannu. Bashar na tsaye a kansa yana ta faɗa, wani mai yankan ƙarfe na jira a gefe da zarto. Da ganin Baba, Tajuddeen ya zube ƙasa yana gaisuwa.

"An ce an kore ka," in ji Baba.

"An kore ni, Baba."

"To mi kake tsaro?"

Tajuddeen ya waiga. Babu baƙo ko ɗaya a wurin yau, sai su.

"Asabar yara za su cika nan. In na tafi za a yanke kwaɗon."

"Ka ji shi ko, Baba," Bashar ya karɓe. "'Yar tsagewa ce da ko allura ba za ta shiga ba. Wannan lilon shi ke kawo mutane. In ya kwana rufe ranar Asabar, wa zai biya cikakken tikiti?"

Tsagewa. Sai yanzu Hanatu ta ji abin da Tajuddeen ya ƙi faɗa jiya.

"Nuna mini," Baba ya ce.

Ya tuɓe babbar rigarsa ya miƙa wa Gwaggo, ya bi Tajuddeen kan tsanin ƙarfe har inda ƙaton sandan da ke ɗauke da lilon yake. Gwaggo tana ta salati a ƙasa. Hanatu na kallo Tajuddeen ya goge baƙin mai da tsumma, Baba ya sa hannunsa na dama yana shafawa, hannun nan da yatsu uku kacal suka rage a jikinsa. Ya daɗe yana shafawa. Sannan ya karɓi sifana ya ƙwanƙwasa ƙarfen, ya kara kunne, ya sake ƙwanƙwasawa.

Da ya sauko fuskarsa ta canza.

"Yaushe ka gani?"

"Jiya da safe, Baba. Na hau in duba kafin su iso."

"Mi ya hana ka faɗa?"

"Akwai mutane. Wurin Alhaji ne, shekara shida ina cin abinci a nan. Na ga shi ya kamata ya fara ji, ba gari ba. Na kira wayarsa ba ta shiga."

Gwaggo ba ta saki ba tukuna. "To ranar araha fa? Ita ma tsagewa ce?"

Idon Tajuddeen ya kai kan wata jarka mai ruwan ɗorawa da ke ajiye bayan ɗakin janareto. Hanatu ta je ta taɓa ta. A cike take fal.

"Ta wace ce?"

"Tawa ce," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ba a tayar da inji ranar Talata, shi ya sa na sayi man da kaina. Na so ki hau babu layi, babu mai ture ki. Ki yi ta zagayawa har ki gaji."

Hanatu ta tsuguna a wurin, ta rufe fuska da mayafi. Kunya da so da haushin kanta suka taru suka rufe ta.

Baba ya juya wajen Bashar, ya ɗaga masa hannun nan nasa.

"Ɗana, ka ga wannan? Bel ɗin injina ne. Na ga ya fara cinyewa, na ce 'yar kaɗan ce, bari a wuce ranar kasuwa. Ba a wuce ba." Ya sauke hannun. "Ni yatsuna na bayar. Kai ɗiyan mutane za ka bayar. Jiya ma ɗiyata ka so ka ɗora."

Bashar ya ja da baya. Mai zarto ya tattara kayansa ba tare da an sallame shi ba.

Baba ya karɓi rigarsa ya sa.

"Tajuddeen."

"Na'am, Baba."

"Juma'a bayan masallaci. Ka ce magabatanka su zo da wuri, hanyar Tsafe ba a son yamma."

Alhaji ya dawo ranar Alhamis, ya hau tsanin ya gani, ya sauko ya ce Tajuddeen ya koma bakin aikinsa. Lilon ya yi mako biyar a rufe kafin sabon ƙarfe ya iso daga Kano, kuma Tajuddeen ne ya ɗaura shi. Mutane sun yi ta ƙorafi a bakin ƙofa, wasu har suka juya da 'ya'yansu. Bashar dai an mayar da shi shagon siminti.

Sati biyu bayan biki, wata Talata, amarya ta sake tsayawa a gindin lilon. Lalle bai gama fita a hannunta ba. Gwaggo na gefe, ta ce zuwa biyu ta yi ba ta ga komai ba, yau sai ta fanshe.

Janareto ya tashi. Tajuddeen ya zare sarƙa.

"Ka duba?" Hanatu ta tambaya tana murmushi.

"Sau uku."

"To zo mu hau."

Ya girgiza kai.

Ta tsaya tana kallonsa, tsohon ruɗanin nan yana neman dawowa. "Yau kuma me ya faru?"

"Babu komai, amaryata. Wani zai riƙe birki in kina sama." Ya ɗora hannu kan sandan birkin. "Ba zan ba kowa ba."

Haka ta hau ita da Gwaggo. Kujerar ta ɗaga a hankali, rufin kwano na Sabon Gari ya fara bajewa a ƙarƙashinsu, iska ta ɗauki mayafinta. Gwaggo ta ƙanƙame ta tana karanto duk addu'ar da ta sani.

"Wayyo Allah! Hanatu, duba can, ba dutsen Kwatarkwashi ba ne? Ga hanyar gida can."

Shekara goma sha biyar Hanatu tana jiran ta ga wannan. Amma ko waiwayawa ba ta yi ba. Ƙasa take kallo, inda wani mutum ya zama ɗan mitsitsi, kansa a ɗage, hannunsa bai bar kan birki ba.