Katangar da Alhaji Kabo Ya Soke

Ranar kasuwar Mai'adua Harisu ya fara ganin Haulatu. Tana janye da wata karsana mai tari, shi kuwa yana auna filin sabon asibitin dabbobi. Ta gaya masa sunanta, ta tambaye shi ko shi ne likitan. Ya ce a'a, mai zanen gini ne. Ya tsuguna ya zana mata a ƙasa: ƙofar shiga daban, ta fita daban, daɓe mai gangare don ruwan wanki ya wuce, da katanga tsakanin masu ciwo da masu lafiya, kowane ɓangare da kwamin ruwansa.

"To karsanata ina za ta tsaya?"

"Kusa da ofishina, Hauli, don mai ita ta riƙa zuwa."

Ta rufe fuska tana dariya.

Mahaifinta, Alhaji Kabo, dillalin shanu ne da arzikin man fetur ya mayar ɗan kwangila, kuma shi aka ba ginin. Ya soke katangar, ya bar kwami ɗaya. Harisu ya ƙi sa hannu a takardar amincewa da aikin.

Alhaji ya gayyace shi cin abinci. Sai da ya ƙoshi sannan ya ce, "Yaro, naman ya yi daɗi? Karsanar Haulatu ce, wadda uwarta ta mutu ta bar mata. Abin da ke gidana haka nake yi da shi."

Harisu ya fita yana amai. Yana jiyo kukan Haulatu daga cikin gida.

Da aka buɗe asibitin, ciwon huhu ya bi shanun da aka kawo rigakafi, garkuna suka ƙare har Zango. Ya'u, yaron Alhaji mai son Haulatu, ya baza cewa zanen Harisu ne ya jawo. Makiyaya suka tare shi suka karya masa hannun dama. Haulatu ma ta yarda, ta daina fitowa zance.

Wata rana ta je asibitin da kanta. Ta duba, babu katangar da ya zana mata a ƙasa. Ta wuce gidansu Harisu, ta durƙusa.

"Ka yafe mini, masoyina."

"Hannun ba zai ƙara zane ba, Hauli."

"Ga nawa. Kai ka faɗa, ni in ja layi."

Da aka tashi aurensu, Alhaji ya rantse ba zai halarta ba, bai kuwa zo ba. Wansa, Baffa Audi, shi ya ɗaura auren a Daura. Kakarta Nagoggo ta kai amarya, ta ɗora hannun Haulatu a kan karyayyen hannun ango, ta ce, "Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku 'ya'ya masu tausayi."