Tabon Zoɓo a Mayafin Hajiya

A jirgin ƙasan Panyu suka haɗu, can ƙasar waje inda 'yan kasuwarmu ke saro kaya. Jirgi ya ja birki, Ismaël, ɗan Maraɗi mai karatun sinadarai, ya sheƙa wa Saffana gorar zoɓo a kafaɗa. Maimakon sakaran ya nemo tsumma, sai ya tsaya kallon idonta.

"Pardon. Ba ni lambarki in wanke laifina."

Ta ba shi kuwa, marar kunya!

Farin mayafin da ke kafaɗarta na uwarta ne, Hajiya Fasuma mai dafa wa 'yan kasuwa tuwo. Hajiya ta sa sabulu, jan tabo ya rikiɗe ya koma shuɗi. Shitu mai safarar takalma, wanda ya daɗe yana cin tuwo don ya ga Saffana, ya leƙa baho.

"Hajiya, wannan ba zoɓo ba ne. Jar giyar Fotugal ce ke yin haka in ta ji sabulu."

Shi ke nan. Da maganar aure ta taso, Hajiya ta ce ko gawarta mashayi ba zai ɗauka ba.

Saffana ta tura saƙo tana kuka: "Masoyi, Umma ta ce kai ɗan giya ne."

"Zumata, share hawaye. Gobe ina tafe da kanwa."

Ya zo ya durƙusa gaban Hajiya da Shitu. Ya jefa kanwa a kofin zoɓo, ya yi duhu kamar ruwan baba. Ya matsa lemun tsami, ya dawo ja zur.

"Umma, launin furen ne: tsami na jajanta shi, kanwa da sabulu na shuɗanta shi. Jar giya ma haka take yi, don ɓawon inabi..."

Saffana ta taka masa ƙafa.

Hajiya ta juya ga Shitu.

"Shi a littafi ya gani. Kai Shitu, da ko rasit sai an karanta maka, a rigar uban wa ka wanke giya?"

Shitu ya tuna yana da kwantena a tashar jiragen ruwa ta Nansha, ya fice. Ko tuwonsa bai ƙarasa ba.

Bayan kasuwar baje koli ta Pazhou ta watse aka ɗaura aure. Hajiya ta dafa kawunansu.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'ya masu hankalin da ubansu bai da shi."

Ango ya fi kowa ɗaga murya da amin.