Lodin da Ba a Tambayi Nauyinsa Ba

Kamasho ake ce masa a garejin manyan motoci, don da kamasho yake ci. Aikinsa nemo wa ƙananan masu mota lodi: ya ji inda kaya suke, ya yi ciniki da mai su, ya tura direba. Baki kam Allah ya ba shi. Kuma bai taɓa karɓar kaya bai tambayi ko mene ne su, da nauyinsu, da inda za a sauke su ba.

Sai manyan kamfanoni suka shigo da motoci rututu suka karya farashi. Wayarsa ta yi tsit. Direbobinsa suka zame ɗaya bayan ɗaya, ya rage ƙaninsa kaɗai, shi ma kunya ce ta riƙe shi. Motar ƙanin ta yi zaman da har ciyawa ta tsiro tsakanin tayoyinta. Kullum Kamasho ya koma gida, tsohuwarsa da matarsa da 'yarsa tilo, wadda yake kira 'Yar Baba, hannunsa suke fara kallo. Wannan kallon ne ya kai shi wurin boka.

Bokan yana zaune bayan jujin matattun motoci, cikin wani ruɓaɓɓen bodin tirela. Rana tsaka ce, amma ciki duhu ne da ƙarni. An jera fasassun madubin mota a bango, kowanne ɗaure da jan ƙyalle. A tsakiya akwai baƙar tukunya, bakinta ya yi kauri da busasshen jini.

"Lodi kake so," in ji boka, bai ko ɗago kai ba. "Za ka samu har ka ture. Amma masu bayarwar su ma suna da kaya. Duk tafiya za su ɗora nasu a motarka."

"Duk tafiya? Haba, ranka ya daɗe, ai sai su cinye mini wuri. A rage."

"Ciniki za ka yi da su?"

"Sana'ata ke nan. Sau ɗaya a shekara."

Boka ya yi dariya marar sauti. "Sau biyu."

"Na sallama."

Ya tsaga bayan kunnen Kamasho da aska, ya shafa jinin a wayarsa, ya tsoma ta cikin tukunyar, ta fito a bushe. Gogan naka ya fita yana taƙamar ya ci ciniki. Mutumin da ko buhu ɗaya ba ya karɓa sai ya yi tambaya, ranar bai tambayi mene ne kayan ba.

Kafin ya isa gareji waya ta fara kuka. Lodi ta ko'ina, kuma duk farashin da ya yanka ba mai cewa a rage. Direbobin da suka gudu suka dawo suna ranka ya daɗe. Ya sayi motoci, ya gina gida.

Wata rana ƙanin ya bugo daga hanya. "Yaya, na sauke kaya kaf, amma sikeli ya ce akwai nauyi a baya. Kamar na mutum guda." Kamasho ya ce sikelin ne ya lalace. Da yamma tsohuwarsu ta faɗi matacciya a tsakar gida, ba ciwo ba komai. Bayan wata shida sikeli ya sake faɗin haka, jaririn da matarsa ta haifa ya bi kakarsa. A nan ya gane kayan da ya yarda a ɗora masa.

Ya ruga juji kamar mahaukaci. "Ku karɓe motocin! Ku karɓe gidan!"

"Kai dillali ne," in ji boka. "An taɓa fasa lodi bayan an sallama?"

Tsoro ya cika shi, saura 'Yar Baba. Ya yanke shawarar ɓoye ta wurin ƙanwarsa a wani gari mai nisa. Matarsa ta ce a sa yarinyar a motar haya.

"Motar haya, alhali ƙanina zai bi ta can da kujera wayam? Ai wurin baffanta ta fi tsaro."

Halin sana'a ne, ba ya iya ganin mota ta tashi da gurbi. Shi da kansa ya ɗaga yarinyar ya zaunar da ita a gaba, ya rufe ƙofa, tana ɗaga masa hannu. Motar na ɓacewa wayarsa ta yi ƙara. Muryar bokan ce.

"Sun ce a gode maka. Wannan karon da hannunka ka yi musu lodi."

Ya kira ƙanin yana ihu ya tsaya. "Lafiya, Yaya? Ga ta nan ta yi barci." Sai ya ji ƙanin yana kiran sunanta, yana sake kira. Ba ta sake farkawa ba.

Matar Kamasho ta zauce, har yau tare motoci take a titi tana leƙa gabansu. Ƙanin ya ajiye makulli bai sake waiwayarsa ba. Babu direban da ya ƙara karɓar lodi daga hannun Kamasho, motocin suka ruɓe a inda suke tsaye. Shi kuwa yana nan a ƙofar gareji cikin tsumma, ba mai yarda ya zauna kusa da shi.

Kai da kasuwa ta juya wa baya, ka riƙe talaucinka da hannu biyu, ya fi maka. Wanda ya ba ka dukiya a cikin duhu ba kuɗi yake so a biya shi da su ba. Mutanen gidanka yake so, kuma kai zai sa ka miƙa masa su.