Gobarar Ɗakin Inna Mairo

Ana sallar Juma'a gobara ta tashi a wani gidan haya da ke Sabon Gari, Wudil. Kafin a kashe ta, Inna Mairo, tsohuwar da ƙafafunta suka shanye, ta rasu a ɗakinta.

Da Sufeto Labaran ya iso, ya tarar unguwa ta riga ta yanke hukunci, kamar yadda mutanenmu suka saba. Sharifa ce, in ji su, ɗalibar jami'a mai haya a gidan. Ita ke da hita. Tuni an kai ta caji ofis.

"Malama, kin jona hita yau?" Sufeto ya tambaye ta.

"Ba ni da hita."

"Na gan ta a bokitinki."

Ta sunkuyar da kai. "Tun safe na zare ta, Yallaɓai. Tsoro na ji."

Ya koma gidan. Soket ɗin ɗakinta lafiya lau. Wayar da ta narke ita ce wadda ta bi ta rufin ɗakin tsohuwa ta nufi zaure.

A zaure akwai injin markaɗe na lantarki. Na Ɗantani ne, ɗan marigayiyar. Yana zaune a dakali ana yi masa gaisuwa.

"Allah ya jiƙan Inna. Injin naka ne?"

"Amin, ranka ya daɗe. Ya daɗe da lalacewa."

Sufeto ya sa yatsa a bakin injin. Ya fito da ɗanyen ƙullun wake. Ya sunsuna motar injin, tana warin ƙonanniyar waya.

"Lalataccen inji ba ya markaɗa waken yau."



Sufeto ya zare gidan fiyus daga bango. Babu siririyar wayar da ke tsinkewa idan zafi ya yi yawa. Ƙusa ce a gurbinta, ta yi baƙi.

"Wa ya sa wannan?"

"Kullum sai fiyus ɗin ya ƙone mini ina tsakiyar aiki," Ɗantani ya ce, idonsa a ƙasa.

"Aikinsa ke nan. Wayar da ke naɗe cikin injinka ita ke zama maganaɗisu ta juya shi. Idan ya sarƙe, wutar sai ta koma zafi. Fiyus ne ke mutuwa don mutum ya rayu. Me ya faru yau?"

"An ɗauke wuta. Na tafi masallaci ban kashe shi ba, da wake a ciki."

"Aka dawo da ita."

"Aka dawo da ita."

"Kana kallo aka tafi da yarinyar mutane."

"Ina kallo."

Bai yi kuka ba. Ya miƙa hannuwansa da kansa.

A caji ofis, Sufeto ya sa aka buɗe wa Sharifa. Suka haɗu da Ɗantani a ƙofa, tana fita ana shiga da shi. Ta tsaya.

"Baban Ummi, ya haƙuri?" ta ce masa, da sunan da ake kiransa a gidan.

Kofur ya tura shi ciki.