Takardar Ziyarar Surukai

Ƙarfe tara na safiyar Talata, Sufeto Ndyanabo yana hura shayinsa, sai ga Peninah ta faɗo ƙaramin ofishin 'yan sanda na bakin dajin Bwindi a ƙasar Uganda, ko laima ba ta rufe ba.

"Afande, yallaɓai, an shiga gidanmu. An ɗauke takardar Maama."

"Zauna, malamar makaranta. Wace takarda?"

"Ta izinin ganin goggon biri. Gobe ne ranarta. Ambulan ɗin gaba ɗaya, har da katin shaidarta, da sabon takalmin robar da na sayo mata."

Sufeto ya ajiye kofin. Ya san gidan. Mahaifinta, dattijon nan Mzee Bitarabeho, shekara talatin ya yi yana bin sawun goggon birai kafin gwiwa ta zaunar da shi. Duk waɗannan shekarun, matarsa Kenyangi ce ke tashi ta dafa masa dankali da wake kafin ya shiga daji. Ta sha ganin ɓarnarsu a gonar ayabarta, amma ba ta taɓa haɗa ido da ko ɗaya ba. Surukanta take kiransu. Wata biyar Peninah ta yi tana shirya mata wannan ziyara, kuma takardar ta rana ɗaya ce, da suna ɗaya. In gobe ta wuce, shi ke nan.

Ya ɗauki hularsa.

Sun tarar da tsohuwa zaune a bakin ƙofa, ta naɗe wuya da mayafi.

"Ka ga abin da aka yi mini, ɗana? Na je coci da safe, na dawo, wayam. Shekara saba'in da ɗaya, yaushe ƙafata za ta sake yarda da wannan tsauni?"

Sufeto ya leƙa akwatin ƙarfen da aka ajiye takardar a ciki. Ba a fasa kwado ba. Ga rediyo a kan tebur, ga wayar Peninah a jikin caji, ga bargo sabo.

Ɓarawon da ya tsallake waya ya ɗauki takalmin tsohuwa, ba yunwa ce ta kawo shi ba.

A gefen murhu ya ga kofi. Ya shinshina: citta, zuma, lemun tsami.

"Wa ke mura a gidan nan?"

"Baban Peninah," in ji Kenyangi da sauri.

Mzee Bitarabeho yana kan kujera yana wasa addarsa. Ya ɗago, ya dubi matarsa, ya mayar da kai.

"Haka ne, Mzee?"

"In ta ce ina mura, ina mura."

"Ina kake da safe?"

"Gonar dankali, can sama."

Tsohuwa ta juya fuska ta gyara murya, ta daɗe tana gyarawa. Sufeto ya tambaya wa kuma ya shigo gidan yau, aka ce Turinawe, ɗan dakon da zai ɗaukar mata jaka, ya riƙe mata hannu a wurin santsi.

Ya same shi a rumfar 'yan dako yana sassaƙa sanda. Babban mutum ne, da furfura a gemu. A da tarko yake ɗanawa a daji, Mzee ne ya raba shi da wannan sana'a.

"Afande, wallahi ko ɗakin ban shiga ba. Sanda na kai mata na juyo."

"To wa ya shanye bushera, kunun dawan da ke cikin tulu? Ga ta nan a gemunka."

Sauran 'yan dako suka kwashe da dariya. Turinawe ya goge baki.

"To, na shiga. Shan bushera laifi ne yanzu?"

Sufeto ya matsa wurin allon da shugabansu ke rubuta wa zai bi wa. A layin Laraba, an goge sunan Kenyangi a gaban na Turinawe, an sa wani baƙo.

"Yaushe aka canza wannan?"

"Jiya da yamma," in ji shugaban. "Shi ya ce tsohuwa ba za ta hau ba."

"Jiya. Sata kuma yau da safe. Turinawe, duba ka fara?"

"Mafarki na yi, Afande."

"Da yamma?"

Turinawe ya sunkuyar da kai a kan sandarsa. "Ka kulle ni in kana so. Ni dai mafarki na yi."

Sufeto ya ƙyale shi. Mutum ɗaya ne a ƙauyen nan Turinawe zai yarda ya kwana a kulle dominsa.

Ya koma gidan, amma bai shiga ba. Ya zaga ta baya, inda hanya ta rabu biyu: ɗaya ta hau gonar dankali, ɗaya ta gangara rafi. Ruwan safe ya wanke duk wani sawu. Ya tsaya yana dube-dube, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗanyen reshe a bakin hanyar rafi. An karya shi daidai ƙugu, ba a tsinke ba, kansa na nuna ƙasa.

Ya san wannan. Shekarun baya ya bi masu bin sawu neman wani baƙo da ya ɓace, ya ga yadda suke yi: duk inda hanya ta juya sai su karya reshe, don jagoran da ke tahowa da baƙi ya san inda suka bi. Hannunsu ne ke yi, ba kansu ba.

Ya gangara. A kwanar farko, reshe. A gindin ayaba, reshe. Na huɗu ya kai shi gaban tsohuwar amya wadda ƙudan zuma suka daɗe da bari. Ya zura hannu. Ga takalmi. A cikin ƙafar dama ga ambulan, an naɗe shi da ganyen ayaba har ninki uku don kada ruwa ya taɓa.

Sufeto ya yi murmushi. Bai taɓa ganin kayan sata da aka lallaɓa haka ba.

Ya ajiye su a tsakar gida, gaban mutum uku. Kenyangi ta rangaɗa guɗa, guɗar ta rikiɗe ta zama tari. Tari mai zurfi, daga ƙirji, har sai da Peninah ta riƙe ta.

Sufeto ya jira ya lafa. Sannan ya fito da karyayyen reshen ya miƙa wa Mzee.

"Ka bar mini hanya, Mzee. Na gode."

Tsohon ya juya reshen a hannu, ya dubi yatsunsa kamar su suka ci amanarsa.

"Shekara talatin," ya ce. "Ban ma san na yi ba."

"Kai?" in ji Kenyangi. "Kai, Baban Peninah?"

"Ni ne."

"Tata, babana, don me?" in ji Peninah.

"Kwana shida tana tari. A rafi take zuwa ta yi don kada ki ji." Ya juya ga matarsa. "Kin san doka, mai tari ba ya hawa. Kin shirya ki cika baki da zuma ki wuce gaban jami'ai, kuma na san za ki iya. Amma gidan goggon biran da za a kai ki an yi haihuwa, jaririn bai kai wata ba. Murarmu ba mura ba ce a wurinsu. Na taɓa ganin uwa tana yawo da gawar ɗanta kwana tara, ta ƙi ajiyewa. Ke kika wanke mini kaya ranar, kin tuna ban ci abinci ba."

"To ba ka da baki ne? Sai sata?"

"In na ce kada ki je, za ki ji?"

Ta kawar da kai.

"In kuma na kai ki ƙara, a fitar da ke daga layi gaban baƙi, da sabon takalminki? Gara a ce ɓarawo ne ya hana ki."

"Tsohon banza," ta ce a hankali, tana share ido da bakin mayafi. "Shekara arba'in da shida ina kwana da ɓarawo."

Sufeto ya rufe littafinsa. "An buɗe fayil, Mzee, dole ka zo ka rubuta bayani. Maama, asibiti yana jikin ofishinmu. Peninah, ki karɓi takardar likita ki kai wa jami'an daji yau, da bakinku, kafin a tashi. Wanda ya faɗi ciwonsa da kansa, sukan duba a sauya masa rana. Ni ma zan raka ki."

"Surukaina za su jira?" in ji Kenyangi.

"Ba sa zuwa ko'ina," in ji Mzee. "Jaririn ma zai fara hawa bayan uwarsa. Sai kin fi jin daɗin kallo."

"Wa ya tambaye ka? Afande, tafi da shi. Ka sa masa ankwa."

"Ankwar tana ofis, Maama."

Ta shiga ɗaki ta fito da kwat ɗinsa, ta wurga masa. "Sa, kada ka je ka kwaso mura ka ce ni ce."

Sufeto ya riƙe hannun tsohon saboda gwiwarsa, suka kama hanya. A baya Kenyangi ta zauna tana cusa ƙafa cikin sabon takalmin, tana mita. Da suka kai inda hanya ta juya zuwa gari, Mzee Bitarabeho ya miƙa hannu ya karya reshe. Wannan karon ya waiwaya, ya tabbatar ta gani.