Saitin da Ba Ya Jin A'a

Ku matso, in ji Yaya Barira, ku rage murya. Wannan ba tatsuniya ba ce. Da Sha'aibu na gidan Kawu Tukur abin ya faru.

Sha'aibu marubucin manhaja ne a wani ƙaramin kamfani a Funtuwa, saman wani tsohon sito. Wata Juma'a aka kira daga asibitin da suke wa aiki: manhaja tana nuna ma'aunin maganin yara ba daidai ba. Ya gyara. Saura ya tura gyaran cikin rumbun kwamfuta inda ake ajiye aikin kowa.

Rumbu ya ƙi. Akwai saiti guda mai amsa biyu, eh ko a'a, wanda ke tantance da wa kake magana a can ɗaya ɓangaren. Yana kan eh. Allo ya ce bai gane wanda ke amsawa ba.

Abokan aiki suka tafi masallaci. Shi ya ce yana tafe.

Rana tsaka. Fanka ta tsaya da kanta.

"Ya ƙi, ko?"

Wani dattijo ne tsaye bayansa, sanye da kaya farare tas. Sha'aibu bai ji hawowarsa ba.

"Baba, daga ina?"

"Nan nake tun ana auna auduga. Kada ka taɓa fayil ɗin saiti, ogarka za ta gani. Rubuta a muhalli, saitin da ke zama a iska muddin tagar da ke kan allonka na buɗe. Shi ke danne na rubuce. Ba ya barin sawu."

Leɓɓansa na rufewa kafin maganar ta iso. Sha'aibu ya lura, amma ya tuna yaran asibiti. Ya rubuta sunan wani sabon saiti a muhallin: kada a tantance. Ya sa eh.

Nan take rumbu ya amsa. Ɗakin ya yi sanyi kamar cikin randa.

Biro ya faɗi. Sha'aibu ya sunkuya ya ɗauka. Diddigen dattijon ne ke fuskantarsa, yatsun suna kallon ƙofa.

Bai yi ihu ba. Ya goge eh, ya sa a'a.

Dattijon ya yi dariya ba sauti. "Wannan ba ya jin a'a, ɗana. Muddin sunansa na nan, ƙofa a buɗe take."

Rubutu ya soma kwarara a allo, ba fita yake ba, shigowa yake. Sha'aibu ya kama Ayatul Kursiyyu. Ya share sunan gaba ɗaya, ya fizge waya daga bango. Da ya waiga, kujera kawai ke juyawa.

Bayan salla ogarsu, Hajiya Uwani, ta same shi zaune a matakala ba takalmi. Ya faɗa mata komai. Ba ta yi faɗa ba, ta buɗe rumbu ta duba.

"Gyaranka ya shiga, daidai yake. Amma wannan fayil fa? Da sunanka aka saka shi."

Sunayen mutane bakwai ne a cikin fayil ɗin. Ba magani, ba kwanan wata. Ta share, ta sa aka sake gina rumbun.

Kafin wata Juma'ar, shida daga cikin masu sunayen an kai su asibitin. Biyu ne suka koma gida.

Na bakwai kuwa ba a haife ta ba tukuna. Sunan da Sha'aibu da matarsa suka zaɓa wa cikinta ne, su biyu a ɗaki, ba wanda suka gaya wa.

Da aka haihu, ranar suna liman ya miƙo kunne. Sha'aibu ya raɗa masa wani suna dabam. Yarinyar tana nan, ta shiga aji biyu. Har yau ko da wasa ba a furta wancan sunan a gidan.

To, in ji Yaya Barira, duk ranar da na'ura ta ce ba ta san wanda ke amsa maka ba, ka yarda da ita. Kuma kada ka yarda ka zauna kai kaɗai a saman sito, rana tsaka. Ku tashi, a yi addu'a a kwanta.