Uku a Raba Biyu

"Wayyo Allah, ashe dai sai mun zo nan!"

A ranta Umma ta faɗi haka, lokacin da ta buɗe sabon shafi ta ga an rubuta RABAWA da manyan baƙaƙe. Tana zaune a kan kafet ɗin falo, ƙaramin allo jingine da ƙafar kujera, 'yarta Kurciya kuma ta kwanta rub da ciki tana taunar gindin fensir. Tun ranar da ciwon sikila ya kayar da yarinyar a filin makaranta, likita ya ce ta zauna a gida sai jikinta ya yi ƙwari, Umma ta koma malamarta. Karatu da rubutu ba su dame ta ba. Lissafi ne dodonta. Tun tana firamare, da malamin lissafi ya shigo aji tafin hannunta ke jiƙewa da gumi, kuma har ta yi aure ta haihu bai daina ba.

Ga kuma Hajiya, surukarta, tsohuwar shugabar makaranta. Ita dama tun farko auren bai kwanta mata ba. Wai ɗanta ya tsallake masu digiri ya ɗauko wadda lissafi ya kayar a jarrabawa. Zuwanta na ƙarshe, a falon nan ta zaunar da Umma da mijinta.

"Ƙarshen wata zan dawo in gwada yarinyar nan da kaina. In na tarar an mayar mini da jika daƙiƙiya, gidana za ta koma, in ɗaukar mata mai lesin." Ta juya ga ɗanta, ta ɗaga murya. "Kai kuma in ka kasa gyara gidanka, ni zan raba ku!"

Abban Kurciya ya sunkuyar da kai. Wallahi wannan shirun ya fi maganar Hajiya yi wa Umma ciwo.

"Ko tari ba ka yi ba!" ta ce masa a kicin bayan Hajiya ta tafi, hawaye na zuba. "Za a ƙwace mini 'ya, a kore ni, kana kallo?"

"Uwata ce, Malama. Me zan ce mata?"

"Kar ka ƙara ce mini Malama. Ba'a ce!"

Washegari da safe, kafin ya tafi shagonsa na gyaran firij, sai ga shi da gwangwanin da Umma ke tara maɓallai. Ya zazzage su a tabarma ya ce, "Zauna. Sha biyu ne, raba wa mutum uku." Da hannun nan nasa mai ƙaurin mai ya dinga tura mata maɓalli ɗaya bayan ɗaya. Ta yi kuskure, ta ji kunya, ta sake. Haka suka riƙa yi kullum, har ranar da ta raba sha bakwai gida biyar ta ce da kanta, "Uku-uku, saura biyu!" Ya tafa mata kamar wata yarinya.

To amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Kurciya, yarinyar da ta haddace ninkawa kamar waƙa, da an ce rabawa sai ta ƙi. Umma ta ware maɓallai gida biyu, ita ta sa hannu ta haɗe su.

"Sori, Umma, cikina ciwo yake."

Nan take gaban Umma zai faɗi. Ciwon ne zai tashi? Ko ita ce ta gadar wa 'yarta tsoron nan? Ta lallashe ta, ta yi mata tsawa, ta dawo ta ba ta haƙuri, duk a banza. Wata na ƙarewa, Umma na ramewa. Ko ƙarar mota ta ji a ƙofar gida sai ta leƙa ta ga ko Hajiya ce.

Ranar ta zo. Hajiya ta hakimce a kujera ta gyara tabarau, Abba na tsugune a gefe, Umma na tsaye a bakin ƙofar kicin, hannuwanta sharkaf. Tarawa, Kurciya ta amsa. Ɗebewa, ta amsa. Ninkawa kuwa kafin a rufe baki.

"Shida a raba biyu."

Kurciya ta kau da kai.

"Ke nake tambaya! Shida a raba biyu!"

Hajiya ta waiga ta watsa wa Umma harara. "Kin gani ko? Haɗa mata kayanta."

"Uku ne!" Kurciya ta ƙwala ihu. "Uku ne, na sani tun tuni! Ashirin a raba huɗu biyar ne! Ni dai ba na so ne!"

Ta jawo gwangwanin ta zaro maɓalli uku: baƙi babba, ja, da wani ɗan mitsitsi fari. Ta jera su a gaban kakarta.

"Wannan Abba, wannan Umma, wannan ni. Ina ɗaki na ji kin ce za ki raba su. Sai kuma Umma ta fara koya mini rabawa, na san don haka ne." Ta tura baƙin dama, ta tura jan hagu, farin ya tsaya shi kaɗai a tsakiya. "Uku a raba biyu, ɗaya-ɗaya, saura ɗaya. Na tambayi Umma ina ake kai saura, ta ce ba shi da gida, a gefe ake ajiye shi. Hajiya, ni ce saura!"

Umma ta toshe baki, kuka ya ƙwace mata. Ashe yarinyar nan da tsoronta take kwana take tashi, ba wanda ya sani!

Abba ya matso ya durƙusa gaban mahaifiyarsa. "Hajiya, ban taɓa musa miki ba. Amma matar nan kullum da safe take koyon abin da ta fi tsoro a duniya saboda jikarki. Ina son ta. Don Allah ki bar mini gidana."

Hajiya ta cire tabarau ta daɗe tana gogewa da bakin mayafi, alhali ba gilashin ne ya jiƙe ba. Can ta sunkuya ta tattara maɓallan ukun, ta damƙa su a tafin Kurciya ta rufe.

"Wannan lissafin na soke shi," ta ce. Ta dubi Umma. "Malama, ki yafe mini. Kin koyar."

Kurciya ta share hanci, ta laluba gwangwanin ta zaro wani ƙaton maɓallin kwat mai tsatsa. "To uku a tara da ɗaya. Wannan ke ce."

"Ja'ira! Ni ce mai tsatsar?"

Dariya ta kama su duka, har Umma da ba ta gama kuka ba.

Mai haƙuri shi kan dafa dutse ya sha romonsa, Umma dai ta sha nata. Ku kuma manya, ku auna magana kafin ku sake ta a cikin gida. Kalma ɗaya da babba ya furta cikin fushi, yaro ne ke ɗaukarta ya yi lissafi da ita, kuma sau da yawa shi ne saura.